Wanda Ya Ce A Ƙyale Shi, Alhakinsa Na Wuyan Wa?

 

Yau za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Ingila, mu duba wata mas'ala wadda ta daɗe tana ɗaure wa hukumomin can kai, wadda kuma har gobe ba su ce sun gama warware ta ba. Mas'alar ta baligi ce, wanda ba yaro ba, ba kuma wani ke zaluntarsa ba, amma ya saki kansa: ya bar wanka, ya bar cin abin kirki, ya bar shan magani, ko kuwa ya cika gidansa da tarkace har ba wurin taka ƙafa, sa'an nan in an ƙwanƙwasa masa ƙofa da niyyar taimako, sai ya ce a ƙyale shi. To, wannan mutum alhakinsa na wuyan wa? Ita ce tambayarmu ta yau.

Na san cikin masu jin muryata akwai 'yan'uwanmu mazauna can, waɗansu ma aikinsu ke nan, bin gida-gida suna kula da tsofaffi da marasa lafiya. Su wannan zance nasu ne kai tsaye. Wanda kuma ke zaune a gida, muddin yana da maƙwabci, ba zai rasa rabonsa ba.

Bari mu fara da kashi na farko, watau mene ne wannan hali.

Masu wannan aiki a Ingila sukan ce sakaci da kai fuska uku gare shi, ko da yake galibi fuskokin a cakuɗe suke a jikin mutum guda. Akwai sakin jiki: ba wanka, ba wanki, ba abinci na ƙwarai, ga gyambo a ƙafa an bar shi yana ruɓa. Akwai sakin muhalli, inda shara ke taruwa, ban-ɗaki ya toshe, ɓeraye da kyankyasai su mayar da gidan nasu. Akwai kuma ƙin karɓar taimakon da, da an karɓe shi, da haɗarin ya ragu.

Tara tarkace kuwa, ku lura, dabam yake da tanadi. Mai tanadi ya san abin da ya ajiye, ya san inda yake, ran da bukata ta zo kuma yana iya ɗaukowa ya bayar. Shi kuwa mai wannan larura, rabuwa da abu, ko da tsohuwar jarida ce ko gwangwanin da aka riga aka shanye abin cikinsa, tana jefa shi cikin baƙin ciki na haƙiƙa; saboda haka kaya sai su yi ta hawa kan kaya, shekara bisa shekara, har gado ya daina kwantuwa, murhu ya daina girkuwa, hanyar fita ta daina biyuwa. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan hali cikin kundinta a matsayin larura mai zaman kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundinta na cututtuka karo na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Masu bincike sun kimanta cewa cikin kowane mutum 100, kamar 2 zuwa 3 suna fama da shi. Ku sake jin wannan, jama'a: larura ce. Wanda ya kira ta lalaci ko ƙazanta kawai, ya rufe wa kansa ƙofar fahimta tun bai shiga ba.

Labarin da ya fi shahara a duniya kan wannan babi daga Amurka ya fito. Waɗansu 'yan'uwa biyu ne, Homer da Langley Collyer, 'ya'yan wani likita, masu ilmi da rufin asiri, da ke zaune a unguwar Harlem ta birnin New York. Homer ya makance, ƙanensa Langley ke ciyar da shi. Sun toshe tagogi, sun cika gida da kaya, sun bar 'yan ƙananan ramuka na rarrafe tsakanin tulin jaridu, Langley kuma ya ɗana tarkuna saboda tsoron ɓarayi. An ruwaito cewa jaridun nan yana tara su ne domin ran da idon wansa ya buɗe ya karanta abin da ya wuce shi. A watan Maris na 1947 aka sami gawar Homer, yunwa ta gama da shi. Sai bayan fiye da mako biyu ana kwasar kaya aka tarar da gawar Langley kusa da inda wansa ya cika, ashe tarkon da ya ɗana da hannunsa ne ya rufto masa yana kan hanyar kai abinci. Abin da aka fitar daga gidan ya haura tan 100.

A Ingila kuma, a 1975, waɗansu likitoci uku suka wallafa bayanin tsofaffi 30 da aka kawo asibiti daga gidaje masu tsananin ƙazanta. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, kusan rabinsu ba a same su da wata tabuwar hankali ba, da yawansu kuma masu kaifin basira ne, waɗanda suka riƙe manyan ayyuka a zamaninsu. Musabbabin abin yana da yawa. Wani rasuwar mata ko miji ce ta karya shi. Wani tsohon tashin hankali ne da ya gani tun yana yaro. Wani ciwon damuwa, wani gigin tsufa, wani giya, wani kuwa jiki ne ya gaza, kunya ta hana shi faɗi, har abin ya fi ƙarfinsa.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu sai kashi na biyu: me doka ta ce?

A nan ba zan daɗe ba. Daga 1948 har zuwa 2015 Ingila ta kasance tana da wani sashe na doka wanda ya ba alƙali iko ya sa a ɗauke tsoho ko marar lafiya daga gidansa ala tilas, in an same shi cikin ƙazanta ba mai kula da shi. Dokar Kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2015, ta soke wannan iko. A maimakonsa ta ɗora wa ƙaramar hukuma wajibai. Sashe na 42 ya ce in ƙaramar hukuma tana da dalilin zaton cewa wani baligi a yankinta yana bukatar kulawa, yana kuma cikin haɗarin zalunci ko sakaci, bukatar tasa kuma ta hana shi kare kansa, to, wajibi ne ta bincika, ko ta sa a bincika. Littafin jagora da gwamnati ta fitar tare da dokar shi ne ya shigar da sakaci da kai cikin abubuwan da aikin kare baligai ya ƙunsa, alhali a da galibi sai in akwai wani azzalumi a gefe ake ɗaukar maganar. Amma ya ce kowace mas'ala a dube ta da halinta.

Sashe na 43 kuma ya wajabta wa kowace ƙaramar hukuma mai wannan aiki ta kafa majalisar kare baligai, wadda dole ne ta ƙunshi ita ƙaramar hukumar, da hukumar lafiya ta yankin, da shugaban 'yan sanda. In kuwa aka yi rashin sa'a mutum ya mutu, ana zaton sakaci ne sanadi, akwai kuma shakka kan yadda hukumomi suka yi aiki tare, sashe na 44 ya ce lalle majalisar ta yi bitar abin da ya faru, domin a ɗauki darasi.

Ga abin da nake so ku riƙe. An tattara irin waɗannan rahotannin bita guda 231 na tsakanin 2017 da 2019, aka nazarce su gaba ɗaya, sai aka ga sakaci da kai ya fito a kashi 45 cikin 100, ya fi kowane irin zalunci yawa. Aka sake tattara guda 652 na tsakanin 2019 da 2023, sai ya zama kashi 60 cikin 100. Daga 45 zuwa 60. Abin takaicin kuma, wanda ya karanta rahotannin nan zai ga kusan magana guda suke ta nanatawa: hukumomi da yawa sun san da mutumin, kowace ta ga wani ɓangare na halinsa, amma ba wadda ta ga shi ɗungum, ba kuma wadda ta ce nawa ne.

Wannan ya kawo mu kashi na uku, wanda shi ne zuciyar shirinmu. Ku gyara zama.

Bari in buga muku misali, misali kawai. Mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 70 da ɗoriya, yana zaune shi kaɗai a hawa na biyu cikin gidan haya na ƙaramar hukuma, yana da ciwon suga, matarsa kuma ta rasu shekarun baya. Asibiti ya aika masa takardar ganin likita, bai zo ba. Aka sake aikawa, bai zo ba. Sai aka rubuta a fayil cewa ba ya zuwa, aka cire sunansa daga jerin masu jira. Mai sayar da magani ya lura wata da watanni ba a zo an karɓi maganinsa ba, ya yi shiru. Doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas sau ɗaya kowace shekara. Mai dubawa ya zo, dattijo ya hana shi shiga, shi kuma ya rubuta cewa ba a buɗe ba. Wata rana ya faɗi a kan matakala, masu motar asibiti suka zo suka ɗaga shi, suka hangi jaridu har rufi da na'urar ɗumama ɗaki jingine da su, suka cika takarda suka aika. Maƙwabciya ta kai ƙara wurin duba-gari saboda wari da ɓeraye. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta buga masa waya, ya amsa da ladabi, da magana tsaf, ya ce lafiyarsa lau, ya gode, ba ya bukatar kome. Ta rubuta cewa yana cikin hankalinsa, ya ƙi taimako. Aka rufe fayil.

To, jama'a, ku ƙirga. Asibiti, mai magani, mai gida, motar asibiti, duba-gari, ma'aikaciya. Cikinsu ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda za a ce bai yi aikin ofishinsa ba. Amma likita bai san da jaridu da na'urar ɗumama ɗaki ba, mai gida bai san da ciwon suga ba, ma'aikaciyar da ta ji murya mai daɗi a waya ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba. Da an zuba waɗannan guntaye wuri guda, da ko yaro ya gane cewa ga mutum nan yana gab da halaka, ga kuma maƙwabtansa na sama da na ƙasa cikin haɗarin gobara.

Malamanmu na fiƙihu suna da babi kan farillar kifaya, watau wajibin da ke kan jama'a gaba ɗaya, wanda in waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, zunubi ya hau kan kowa. Abin da sau da yawa akan manta shi ne sharaɗin: nauyin ba ya sauka domin ka yi zaton wani ya yi, sai in haƙiƙa wani ya yi ɗin. A ganina cutar da ke cin wannan aiki a Ingila ke nan. Kowane ofishi yana aika takarda zuwa wani ofishi, ya ji a ransa ya sauke nauyi, alhali aika takarda ba shi ne isar taimako ba.

Maganin da suka samo, wanda kowane yanki ke kira da sunansa, shi ne zaman haɗin gwiwa kan mutum guda. A yankuna da yawa kowace hukuma tana iya kiran wannan zama, ba sai ta jira ƙaramar hukuma ba. Za a tara duk wanda ya san dattijon nan a teburi ɗaya, har da 'yan kwana-kwana, har da masu kula da dabbobi in akwai karnuka ko kyanwoyi a gidan, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Shi ma mai lamarin ana gayyatarsa, ko a nemi ra'ayinsa kafin zama, ko a samo masa wakili mai zaman kansa in yana da wahalar bin maganar kuma ba shi da wanda zai tsaya masa.

Domin kada wannan ya ce gidan ya cika, wancan ya ce ai da sauƙi, akwai ma'auni na hotuna wanda waɗansu masu bincike a Amurka, Randy Frost da Gail Steketee da abokan aikinsu, suka wallafa a 2008. Hotuna tara ne na ɗakin kwana, tara na falo, tara na ɗakin girki, daga na 1 mai tsaf har na 9 wanda kaya suka kusa taɓa rufi. Ma'aikaci sai ya ce ɗakin kwana ya kai na 7, kowa a teburin ya san abin da ake nufi. Daga na 4 zuwa sama akan ce abin ya isa a nemi taimako.

Amma zama kaɗai ba ya ceton kowa. Ana iya zama, a sha shayi, a watse. Ku dubi masu ɗaga jinka: hannu da yawa ake bukata, gaskiya ne, amma in ba mutum guda da zai ba da murya a ɗaga tare, wannan zai ɗaga wancan bai shirya ba, jinkar ta karkace ta faɗo kan mutane. Saboda haka zama na ƙwarai ba ya tashi sai an ambaci hukumar da ke jagora, an kuma ambaci mutum guda, da sunansa, wanda zai riƙe ragamar. A rubuta wa zai yi me, kuma zuwa yaushe. A sa ranar da za a dawo a ji abin da aka yi. A kuma yi alkawari cewa ba hukumar da za ta rufe nata fayil ba tare da ta sanar da saura ba. In saɓani ya shiga, wata hukuma ta ce wannan ba hurumina ba ne, akwai hanyar ɗaukaka maganar zuwa manya, har zuwa majalisar nan da muka ambata. Zan maimaita: mutum guda, da sunansa, mai riƙe ragama.

Wani zai ce, ina batun sirri? Likita zai tona asirin majinyacinsa a gaban 'yan kwana-kwana? Tambaya ce mai kyau, amana kuwa ba abin wasa ba ce. Sai dai dokar kare bayanan mutane ta 2018 ba ta hana hukumomi musayar bayani ba in akwai dalili na doka, kamar ceton rai ko kare waɗansu daga cuta. Abin da ake nema shi ne a fara neman yardar mutumin in zai yiwu, a faɗi gwargwadon bukata ga wanda ke da bukatar ji, a kuma rubuta dalili. Rahotannin bita sun sha nuna cewa tsoron wannan doka, bisa rashin fahimtarta, ya sa ma'aikata sun kame baki a inda magana za ta yi amfani.

Mu shiga kashi na huɗu. Shi ne mafi wuya. Mutum ya ce ba ya so, sai me?

Ingila da Wales suna da dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara. Asalin hukunci a cikinta shi ne, kowane baligi ana ɗaukarsa mai wannan iko sai an tabbatar da akasin haka, kuma yanke shawarar da mutane ke gani wauta ce, shi kaɗai, ba hujja ba ne cewa mutum ya rasa ikon. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna da babin hajru, inda alƙali ke iya hana safihi mai almubazzaranci taɓa dukiyarsa, ya naɗa masa waliyyi. Dokar Ingila ba ta bi ta nan ba. Ita sai an nuna cewa wata larura a ƙwaƙwalwa ko tunani ce ta hana mutum ɗayan abu huɗu game da wannan shawara takamaimai, a wannan lokaci takamaimai: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi ya yi aiki da shi, ya kuma bayyana abin da ya zaɓa. In an tabbatar ya rasa, sai a yanke masa bisa maslaharsa, ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye masa 'yanci, in abin ya yi tsanani kuma a je kotu ta musamman mai wannan hurumi.

Wannan asali ne mai daraja, domin yana kare mutuncin ɗan Adam. An taɓa jin wani babban alƙalin Ingila, Munby, cikin wani hukunci na 2007, yana tambaya ko ina amfanin tsare mutum daga haɗari in tsarewar ba ta haifar masa da kome ba sai baƙin ciki. Gaskiya ya faɗa. Amma asali mai daraja yana iya zama mafakar mai son ya huta. Sau nawa aka ga an rubuta a fayil cewa wannan zaɓinsa ne, alhali ba wanda ya zauna ya gwada shi, ba wanda ya tambaye shi yaushe abin ya fara, ba wanda ya ce masa, yallaɓai, da haka kake zaune lokacin da mai ɗakinka tana da rai?

Akwai kuma wani abu mai zurfi wanda masu bincike uku na Ingila, Suzy Braye da David Orr da Michael Preston-Shoot, suka jawo hankali a kai cikin ayyukansu tun daga 2011. Faɗi dabam, aikatawa dabam. Mutumin da giya ko rauni ko gigin tsufa ya taɓa masa gaban ƙwaƙwalwa yana iya zayyana maka, tiryan-tiryan, yadda ake shan maganin suga da illar barinsa, ka fita kana cewa wannan ai ya fi ni sani; amma in lokacin ya yi, ba zai iya tashi ya aikata ba, gobe ma haka, jibi ma haka. Don haka ake koya wa ma'aikata kada su tsaya kan gaya mini. Su ƙara da nuna mini. Ka ce kana dafa abinci, to, nuna mini murhun. Ka ce in wuta ta tashi za ka fita, to, mu bi hanyar tare. Wannan kuwa ba ya yiwuwa ta waya.

Ko da an tabbatar mutum yana da cikakken ikonsa, ya kuma ƙi, maganar ba ta ƙare ba. Sashe na 11 na dokar 2014 ya ce ƙin da baligi ya yi ba ya sauke wa ƙaramar hukuma wajibin auna bukatunsa in yana cikin haɗarin zalunci ko sakaci. Ƙin yau kuma ba ƙin har abada ba ne. Ku riƙe wannan, jama'a: ya ƙi, ba a nan ake rufe fayil ba.

Kashi na biyar, na ƙarshe: ƙarfi ko lallashi?

Ƙarfi akwai shi, a warwatse cikin dokoki. Duba-gari yana da dokar lafiyar jama'a ta 1936 wadda ta ba shi iko kan gidan da ya ƙazantu ko ƙwari suka mamaye, da ta 1990 kan abin da ke cutar da maƙwabta. 'Yan sanda suna iya fasa ƙofa domin ceton rai. Alƙali yana iya ba da takardar shiga a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983. Mai gida yana iya kai ɗan haya kotu. Ita kuwa ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, dokar 2014 ba ta ba ta ikon kutsawa gidan kowa ba. 'Yan kwana-kwana ma, in ba wani abin gaggawa ya taso ba, sai da iznin mazaunin gidan suke shiga. Amfanin zaman haɗin gwiwa a nan shi ne a san wa ke riƙe da wane iko, a kuma yi shawarar lokacin da ya dace a yi amfani da shi, kada mai gida ya aika takardar kora a makon da ma'aikaciya ta samu da ƙyar aka buɗe mata ƙofa.

Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar kowa shi ne a kawo mota da lebura a kwashe kome rana ɗaya. Wani lokaci, in rai na cikin haɗari, ba makawa. Amma masu wannan aiki sun ga ƙarshensa sau da yawa: gida ya yi fes, mazaunin gidan ya shiga wani irin ƙunci kamar an yi masa sabuwar rasuwa, kafin a jima kaya sun dawo, ƙofar kuma da a da ake buɗewa kaɗan yanzu an sa mata sakata. An kwashe kayan, ba a taɓa dalilin tara su ba.

Binciken su Braye, wanda suka ji ta bakin ma'aikata da kuma su masu larurar kansu, ya nuna abin da ya fi yin tasiri shi ne ma'aikaci guda wanda ya yi ta dawowa, wata da watanni, ba ya toshe hanci, ba ya wa'azi, ba ya taɓa kome sai da izni. Yakan fara da abin da mutumin ya damu da shi, ko da famfo ne da ya lalace ko kuɗin fansho da ya maƙale. Daga nan sai a roƙi abu kaɗan. A yarda 'yan kwana-kwana su sa ƙararrawar hayaƙi, wadda a yankuna da yawa kyauta suke sa wa irin waɗannan gidaje. A janye jaridu daga jikin na'urar ɗumama ɗaki. A buɗe hanya guda daga gado zuwa ƙofa. A bar malamar asibiti ta wanke gyambon. Gidan bai zama abin nuna wa baƙo ba, amma haɗarin mutuwa ya ragu ƙwarai. Ba kuma lalle wannan amintacce ya zama babban jami'i ba. Sau da yawa mai kawo abinci ne, ko mai zuwa yi masa wanka, wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta a teburin. In dattijon da shi ya yarda, to, hikima ita ce sauran hukumomi su bi ta hannunsa, su kuma saurare shi in ya yi magana.

A nan ne, ni a nawa ra'ayi, tsarin Ingila ke faɗa da kansa. Doka tana neman haƙuri na watanni, ofisoshi kuwa, saboda ƙarancin kuɗi da ma'aikata, an gina su bisa a auna, a tura, a rufe cikin 'yan makonni. Muddin shugabanni ba su ba ma'aikaci izni ya bar fayil a buɗe ba, duk kyawun takardun tsari a kan teburi za su tsaya.

Saura kalma ga 'yan'uwanmu masu aikin kulawa a can. In kun shiga gida kuka ga irin abin da muka bayyana, ku rubuta abin da idonku ya gani, da ranar da kuka gani, ba tare da zagi ko ƙari ba. Ku sanar da shugabanku a ranar. Bayan kwana kaɗan ku koma ku tambaya me aka yi, wa kuma ke riƙe da maganar. In amsar ba ta gamsar ba, kowace ƙaramar hukuma mai kula da baligai tana da sashen da ke karɓar irin wannan rahoto daga kowa, ma'aikaci ne ko maƙwabci. In kuwa rai na cikin haɗari nan take, lambar gaggawa a can ita ce 999.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.